Idon Gishiri a Buhun Goro

Ranar kasuwar da ta wuce wasu samarinmu suka same ni a rumfar mai shayi a Suki. Ɗaya yana riƙe da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, wai ɗan'uwansa ya aiko masa daga Saudiyya. Ya danna maɓalli, ta ce ƙit, ƙit, ya kara ta a jikin buhun taki, ta ɗan ƙara sauri, suka kwashe da dariya. "Ammu Abakar," in ji mai na'urar, Ammu wato kawu a bakinsu, "ashe wanga shi na aikin da kat tsuhwa kana yi? Danna maɓalli ɗai, halas, shi ke nan?" Sauran maganar da Larabci suka ƙarasa ta, don Hausar yaran yanzu ta zama rigar ƙuruciya, ta matse su a hammata. Na shanye shayina na tashi, amma maganar ta bi ni har gida. To ga amsa. Wanda bai iya karanta Hausa ba ya nemi uwarsa ta karanta masa.

Abin da kuke riƙe da shi kunne ne kawai. Yana jin ana motsi a ɗaki, bai san wane ne ba, bai san ta ina ba. Mu ido muke haɗawa. Akwai haske iri-iri da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda a nan muke kira ashi'a. Biyu daga ciki na yi wa hidima. Ɗaya sunansa gamma, yana ratsa tsoka da ruwa kamar babu su, sai dalma ko ƙarfe mai kauri ke tare shi. Ɗayan nutron, shi kuma ɗan baya-baya ne: ya ratsa ƙarfe ya wuce abinsa, amma ɗigon ruwa ko mai ya riƙe masa ƙafa. Aikinmu shi ne mu ƙera abin da zai kama su, ya faɗi inda suka fito, har hoto ya fita. Faɗinsa bai kai shan kofin shayi ba, yinsa kuwa ya cinye mini baƙin gashi.

Ban shigo sana'ar ta ƙofar jami'a ba. Ubana manomin auduga ne, yana da hawasharsa, wato gonar da gwamnati ke yanka wa manomi a bakin tur'a, magudanar ruwan ban-ruwa. Ni kuwa Allah bai haɗa jinina da fartanya ba. Na gudu Sinja na koyi gyaran rediyo, daga nan na wuce Madani. Wata rana wani siririn mutum mai tabarau ya kawo mini wani akwatin wuta da ban taɓa ganin irinsa ba, ya ce ya zagaya masu gyara duk sun ƙi taɓawa. Na buɗe, na sa hannu, wutar da ta kwanta a ciki ta cilla ni jikin bango. Ya jira na farfaɗo, ya ce, "Za ka sake taɓawa?" Na ce sai na ga abin da ya mare ni. Bayan sati ya dawo ya tarar na gyara, ya ce in rufe shago in bi shi. Shi ne Duktur Awad, maigidana, Allah ya jiƙansa.

Aikin farko da ya ba ni a warsha, wato ɗakin aikinmu, wanke gilashi ne. Na daɗe a kan haka har na fara tunanin an kawo ni wanke-wanke ne. Sai wata rana ya kira ni gaban wani akwatin gilashi mai ramuka biyu, kowane rami da doguwar safar hannu ta roba a manne. Ya ce in zura hannu. A ciki akwai wani abu kamar ƙanƙara, fari tas, kana ganin yatsanka ta bayansa. Ya ce, "Wannan ita ce ballura. Gishiri ce, amma ba ta miya ba. In gamma ya faɗa cikinta sai ta yi ƙyalli sau ɗaya, ƙyallin da idonka ba zai kama ba. Abu biyu ke kashe ta. In zafi ko sanyi ya zo mata farat ɗaya, ta tsage. In ta shaƙi laima, ko ta numfashinka ce, ta yi rawaya ta makance, kuma babu mai dawo da ita." Shi ya sa ba a taɓa ta sai a cikin akwatin nan, kuma kafin ta fito duniya sai an rufe ta ruf a gwangwanin alminiyam, fuska ɗaya gilashi, an liƙe bakin da gam.

A cikin akwatin muna zuba wasu 'yan tsakuwa shuɗɗa masu shanye laima. In sun ƙoshi sai su koma ruwan hoda. Kuɗin sayen sababbi babu, don haka nake soya su a kasko kamar gyaɗa har shuɗin ya dawo. Mai shara ta taɓa ganina ta je ta ba da labari wai ɗan Hausan nan yana haɗa wa Duktur asiri.

Haɗa ballura da kwalba shi ne aikin da ya fi ba ni wuya. Kwalbar ita ce ke ɗaukar ɗan ƙyallin nan ta mayar da shi wutar da za a iya aunawa. Tsakaninsu ana shafa wani mai marar launi, mai danƙo kamar zuma. Za ka ɗiga shi a tsakiya, ka ɗora kwalbar, ka dinga juyawa a hankali har man ya bazu ya kai baki. In kumfar iska ɗaya ta maƙale, ko da ba ta kai ƙwayar gero ba, za ta fito a hoto kamar tabo, likita ya ce wa lafiyayye yana da ciwo. Ranar da na fara yi na kawo wa Duktur ina washe baki. Ya ɗaga a haske, ya nuna mini kumfar da farcensa, ya miƙo mini auduga ya ce in goge in sake. Haka muka wuni, har la'asar ta kusa kuɓuce mana. Bai zage ni ba, kuma da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan nan sai naɗi da farin tef irin na masu gyaran famfo, sai baƙi a sama, sai ka shiga ɗaki mai duhu ka bi kowane layi da tocila kana kallon allurar ma'auni. In ta yi tsalle, haske yana shiga ta nan, a kwance a sake.

Dalmar da muke kare kanmu da ita mu muke narka ta mu zuba tubali. Kakin kyandir ma haka, don shi ke rage wa nutron gudu har a iya kama shi. Kowannenmu yana maƙale da wani ɗan abu a aljihun riga mai lissafa ashi'ar da jikinsa ya sha, muna ce masa laya. Wanda ya manta layarsa a gida Duktur ba ya barinsa ya wuce bakin ƙofa, ko da kuwa daga Managil ya taso. Ku da kuke kara na'ura a buhun taki kuna dariya, ba ku taɓa ɗaukar abin da ke fitar da ashi'ar da kansa da doguwar awartaki ba.

Masu zuwa wurinmu kala-kala ne. Masu binciken gona suna kawo na'urar da ake zurawa cikin bututu a ƙasa don a san yawan ruwan da ta riƙe, mu gyara musu. Injiniyoyin kamfanin sukari suna ɗaukarmu mu nemo musu inda bututu ya toshe ba tare da an yanka shi ba. Na tuna wani babban bututu da muka bi taku-taku cikin zafin rana, ni a wannan gefe da na'ura, abokin aikina a wancan, har muka sa alli muka ce a yanka nan. Da aka yanka aka ciro dunƙulen datti kamar kan jaki. Sai kuma mutanen zinariya. Waɗannan ba sa jin magana. Wani ya zo da rawani da mota sabuwa ya ce in haɗa masa wadda za ta ga zinariya a ƙarƙashin dutse. Na ce ba ta gani. Ya matso ya rage murya ya ce ya san gwamnati ce ta hana mu faɗa, amma shi mutum ne mai riƙe sirri.

Hoton nutron na farko da muka fitar na saiwar auduga ne. Mun shuka ta a gwangwanin alminiyam mai faɗi, muka ajiye gaban wani allo da muka shafe da hodar da ke ƙyalli in nutron ya taɓa ta, da madubi a karkace, da kyamara a ɓoye bayan dalma. Abin da muke da shi mai fitar da nutron rarrauna ne, don haka sai da muka bar shi ya wuni ya kwana. Da safe hoton ya fito dishi-dishi, amma ga saiwar nan ta bazu cikin ƙasa, ga inda ta sha ruwa ya yi duhu. Duktur ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya aika aka kawo jabana, wato gahawa, aka raba wa kowa har mai gadi. Na kai wa ubana hoton a ƙauye. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "To, kun gani. Audugar za ta ƙara tsada?"

Babban aikinmu kuwa, wanda ya ci rabin rayuwata, kyamarar wuya ce. Kun san yadda maƙoƙo yake a ƙauyukanmu na bakin kogi, musamman ga mata. Wani kumburin ba komai ba ne, wani kuwa shi ne ajali, kuma hannu ba ya bambancewa. Sai an ba mutum wani magani mai fitar da gamma kaɗan, ya taru a wuyan, a ɗauki hoto a ga inda ya sha da inda ya ƙi sha. Injin da ke yin haka ƙato ne, sai manyan asibitoci, kuma layinsa ba ya ƙarewa. Na sha ganin matanmu kwance a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a bakin asibiti, guzuri ya ƙare, ba su iya Larabcin likitoci ba, a ƙarshe su koma gida ba a duba su ba. Duktur ya ce za mu yi ƙarama wadda za ta shiga bayan mota ta je Sinja, ta je Suki, ta je Managil, ta sami mutane a inda suke.

Komai na jikinta mu muka yi. Farantin dalma mai ramuka kamar rariya, wanda ke tace hasken don hoto ya fito daidai, ni na huda shi rami bayan rami, kuma na ɓata da yawa kafin ɗaya ya yi. Kwalabe muka tsinto daga wani mataccen inji. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinmu, babbar ballura mai faɗin faifai, don ba a yin ta a ƙasar nan. Duktur ya yi shekaru yana roƙo, ya tsufa yana roƙo, har aka aiko mana da guda ɗaya tak. Ranar da muka gwada ta da wuyan roba da muka cika da magani, hoton ya fito kamar malam-buɗe-littafi, fiffike biyu, tsaf. Likitoci suka zo suka gani suka ce bayan 'yan gyare-gyare za a fara da marasa lafiya. Ana cikin 'yan gyare-gyaren nan yaƙi ya tashi.

Da farko yana can nesa, Madani ta cika da 'yan gudun hijira, mu muna aikinmu da wutar da ke zuwa tana tafiya. Sai rana ɗaya aka ce ga shi a bakin gada. Abubuwa masu fitar da ashi'a muka kulle a raminsu na siminti, don ba a gudu da su. Sauran kayan kuwa, wanda ya ɗauka ya sayar da dalmar a kilo, Allah ya isa. Duktur ya sa na kwance ballurar daga jikin kyamara, muka sa ta a akwatinta mai soso, muka zuba tsakuwar da ta rage. Ya ce, "Ya Abakar, duk sauran za mu iya sakewa. Wannan ce kawai ba za a ba mu sau biyu ba." Muka hau bayan wata babbar mota, ni da shi da akwatin a kan cinyata. Direban ya bar kwalta ya bi gefen tur'a saboda masu bindiga, motar tana tsalle tana dira, ni ina ɗaga akwatin sama kamar mai riƙe da jariri har hannuwana suka mutu.

A ƙauyenmu muka sauka, gidan yayata Hajara. Ita ta goye ni, ita ta yaye ni da uwarmu ta rasu, kuma har yau in ta kira sunana da wata murya sai na duba ko na yi laifi. Sana'arta goro, tun tana budurwa. Duk mai cin goro daga nan har Sinja ya san na Hajara ba ya bushewa, ba ya tsutsa. Niyyata in zauna da akwatin har ƙura ta lafa. Amma Duktur yana da ciwon ƙoda, sai an wanke masa jini, kuma ba shi da kowa kusa. Dole in kai shi gabas, wajen Gadarif. Hanyar kuwa cike take da shingaye, duk akwatin da aka gani sai an fasa an zazzage. Na ce zan je in dawo cikin 'yan kwanaki.

Na zaunar da ita na ce, "Yaya, amana ce zan bar miki. Abu biyu. Kar ta sha zafi, kuma kar ruwa ya taɓa ta."

Ta ce, "Mi na a ciki? Zinariya?"

Na ce, "Ido ne. Da shi za a riƙa duba wuyan mata, a nan, ba sai an je Khartum ba."

Ta daɗe tana kallon akwatin. Ta ce, "Tahi abinka. Ni da nir riƙe ka kana zawo ba ka mutu ba, akwati za ya gagare ni?"

'Yan kwanakin nan suka zama fiye da shekara. Hanya ta rufe a bayanmu. Daga Gadarif aka tura mu gaba, inda injin wanke jinin ya fi marasa lafiya gajiya. Waya ba ta shiga ƙauye. Duktur yana ta ƙanƙancewa a kan gado, kuma kullum ya farka tambayarsa ɗaya ce, ta ballurar, "Tana bushe?" In ce tana hannun da ya fi nawa. Ya ce in yaƙi ya ƙare ba sai mun jira warsha ba, ko a ɗakin kwanana za mu haɗa kyamarar, ya zana mini yadda za a yi da yatsa a kan bargo. Ya rasu da damina, a lokacin da labari ya zo cewa yaƙin ya kai Sinja da Suki, mutanenmu sun watse cikin daji. Na yi kukan da ban yi wa ubana ba. Daga nan ban ƙara tunanin ballura ba, tunanina ko Yaya tana da rai.

Da hanya ta buɗe na dawo. Ƙauyen yana nan, amma babu ƙofa ko ɗaya a jikin ɗaki, babu akuya, babu injin ban-ruwa. Na tarar da ita a tsakar gida ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu. Muka gaisa, muka lissafa waɗanda suka mutu. Ban tambaye ta akwati ba, don kunya ta hana ni. Ita ce ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, bayan randa. Ga wani ƙunshi a ƙasa, an lulluɓe shi da buhun goro, buhun a jiƙe sharkaf, yana ɗiga.

"Ga amanarka," in ji ta. "Ɗakin ga da rani awa tanda yake, kai ko kac ce ba ta son zahi. Sai nis sa ta cikin leda, leda cikin leda, don kar ruwa shi taɓa ta, kamar yadda kac ce. Sannan nil lulluɓa mata buhu awa goro. Ko rana guda ban bari yab bushe ba."

Maƙwabciyarta ce ta ƙarasa mini labarin daga baya. Da famfo ya mutu, Yaya tana zuwa kogi da jarka, ta wuce ta gaban masu bindiga, ta dawo, kuma kafin ta sha sai ta yayyafa wa buhun. Ranar da aka gudu, kowa ya ɗauki abin da zai ci. Ita ta bar goronta, jarinta kaf, ta ɗora akwatin a ka, ta shiga laka da shi har gwiwa. A dajin da suka zauna ana rabon ruwa da murfin jarka, tana raba nata biyu. Mata suna ce mata ta haukace, tana ce musu idan ƙanenta ya dawo za su zo suna roƙonta layi.

Na durƙusa na kwance ledojin. Ruwa bai shiga ba, gaskiyarta. Amma laima ba ruwa ba ce, ba ta neman ƙofa. Cikin ledar ƙarshe ya yi gumi. Na buɗe akwatin, tsakuwar nan duk sun koma ruwan hoda. Na ɗago ballurar na kai bakin ƙofa wajen haske. Ba ta tsage ba, ko kaɗan, zafin bai taɓa ta ba. A gefen gwangwanin gam ɗin ya ɗan buɗe, siririn layi kamar gashi, aikin tsallen motar nan ne. Ta nan laimar ta bi. Abin da na bari fari tas ya zama rawaya kamar tsohon haƙorin mai cin goro, daga baki har kusan tsakiya. Na san abin da nake kallo, amma na ci gaba da juya ta a haske kamar zan sami gefen da ya tsira.

"Kwayis?" in ji Yaya daga bayana. "Ta yi?"

Na mayar da ita akwati na rufe. Na ce, "Allah ya saka miki da alheri, Yaya. Ba wanda zai iya abin da kika yi." Ta yi dariya, dariyar farko da na ji a ƙauyen tun da na dawo, ta tafi ɗora mini ruwan shayi. Na ce a raina a bar shi haka. Mene ne amfanin faɗa? Ko da an bar ta a bushe, da wannan tsagar da daminar da aka yi, wataƙila da ta mutu duk da haka. Wataƙila kuma da ta kai. Allah ne ya sani, ni ban sani ba, kuma na fi kowa sanin aikin nan a duk faɗin kogin.

Kwana kaɗan bayan haka ina zaune a inuwa sai ga ta ta shigo riƙe da hannun wata yarinyar mace, Saudatu, matar ɗan maƙwabcinmu, da goyo a bayanta. Yaya ta ce, "Buɗe mishi shi gani, Baba na, ba baƙo ba." Saudatu ta sassauta mayafinta. Kumburin yana gefe ɗaya, ya kai ƙwan agwagwa. Na sa yatsa, yana da tauri, ba ya motsi in ta haɗiye yawu, kuma muryarta ta dushe. Ni ba likita ba ne, amma na zauna kusa da likitoci tsawon da zan san irin wanda ba a jira da shi.

"Tun muna daji yat taso mata," in ji Yaya. "Nic ce ta yi haƙuri, idon yana wurina. Mijinta yas so shi kai ta gabas, nic ce mi za a wahala, Abakar na tahe. To ga ka. Yaushe za ka haɗa?"

Na ce wa Saudatu, "'Yata, gobe akwai motar Sinja. Ki shiga, daga can a tura ki inda ake da inji. Kar ki ƙara kwana."

Ta dube ni, ta dubi Yaya. Ta ce, "Inna ta ce a nan za a yi."

Na ce, "Ba za a yi a nan ba."

Ta mayar da mayafin ta naɗe wuyanta, ta gyara goyonta, ta yi mana godiya mu duka biyu, ta tambaya ƙarfe nawa motar ke tashi. Yaya ta raka ta har bakin hanya. Da ta dawo ta tsaya a kaina, ba ta zauna ba.

"Abakar. Ruwan na, ko?"

Na ce, "Hanya ce, Yaya. Tun a mota gwangwanin ya tsage."

"Ban tambaye ka mota ba. Tun kana tsumma nike saida goro, na san huskar mai ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Ruwan da nike zubawa, shi na?"

Ta jira ni, ta ba ni lokaci kamar yadda take yi tun ina yaro, ban yi amfani da shi ba. Sai ta gyaɗa kai. Ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Wata nawa nir riƙe yarinyar ga."

Ta shiga ɗaki. Na ji motsinta a bayan randa. Ta fito da buhun a hannu, ta matse shi da ƙarfin da ban san ta rage da shi ba, har ruwan ya gama tsiyaya a ƙasa. Ta kai shi rana ta shanya a kan danga, ta daidaita gefensa, sannan ta ɗauki mayafinta ta nufi gidan su Saudatu don ta ce da mijin ita za ta raka ta.